Ta yaya mazaunin Katsina zai riƙa bibiyar masu zane na zamani da nune-nunensu?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da 'yan'uwa baki ɗaya. Tambayata a kan zane-zanen zamani ce, wato aikin masu zane da fenti da masu sassaƙa da masu ɗaukar hoto waɗanda suke raye suna aiki a yau, da kuma hanyar da mutumin da yake zaune a birnin Katsina zai bi ya riƙa sanin abin da suke ciki. Kusan duk abin da nake gani a Instagram daga Legas da Abuja yake fitowa, inda ake buɗe nuni, a gayyaci jama'a, a buga ɗan littafi mai ɗauke da hotunan ayyukan da bayanin wanda ya yi su. A nan kuwa, idan aka ce nunin fasaha, abin da aka fi nufi shi ne rumfunan ƙananan hukumomi a bikin al'adu, inda ake jera ƙore da tabarmi da kayan doki. Ina ganin darajar waɗannan kaya ƙwarai da gaske, sai dai ba a rubuta sunan wanda ya yi su, ba a kuma tambayar abin da ya ƙara a kan abin da ya gada.

Na san akwai gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, na kuma san aikin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, amma hankalinsu ya fi karkata ga abin da ya wuce. Shin akwai masu zane da suke aiki a Katsina da Daura a halin yanzu, kuma a ina ake samun su? A wane lokaci na shekara ake nuna ayyukansu? Sannan wanda bai karanci zane a makaranta ba, da me zai bambance aikin da aka yi da basira da wanda aka kwaikwaya kawai? Ni ba mai zane ba ne, ma'aikaci ne mai matsakaicin albashi, amma ina son in zama mai kallo na haƙiƙa wanda ya san abin da yake kallo.

Tsohon Malamin Zane ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na koyar da zane a makarantun sakandare na jihar nan har na yi ritaya, saboda haka tambayarka ta faranta mini rai, domin masu neman koyon zane sun fi masu neman koyon kallo yawa, alhali aikin ba ya rayuwa sai da su duka biyu. Masu zane suna nan a Katsina. Abin da muka rasa shi ne zauren da aka keɓe wa nuni, mai jadawalin shekara da mai tsara abin da za a rataya, kamar yadda ake da su a Legas. Wanda ya zauna jiran takardar gayyata zai daɗe bai ga komai ba, don haka sai ka bi masu zanen har inda suke aiki.

Ka fara da sashen koyar da zane na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina. Ɗaliban zane, a kowace makaranta suke, sai sun baje ayyukansu a ƙarshen karatu domin malamai su auna, kuma wannan baje koli shi ne abu mafi kusa da nunin shekara-shekara da za ka samu ba tare da ka bar gari ba. Ka gabatar da kanka ga malaman sashen cikin ladabi, ka nemi su sanar da kai lokaci. Shawarata ita ce ka je ana gobe za a duba, lokacin da ɗalibai suke ta rataye ayyuka, ɗakin yana warin fenti da kananzir ɗin wanke burushi, wani yana goge firam, wata tana shanya ƙyallen da ta rina. A ranar ne suke da sukunin yin magana da baƙo. Ka roƙi ɗalibi ya nuna maka littafin da yake gwajin zane da fensir a ciki, domin a nan ake gane wanda idonsa yake aiki, tun kafin a zo ga babban hoton da ya sha gyara don neman maki. Malaman kansu da yawansu suna da ayyuka jingine a bango a ofis ko a gida, waɗanda ba a taɓa nuna wa kowa ba saboda ba wanda ya tambaya.

Bayan haka sai Zariya, domin ba za ka fahimci zanen zamani a Arewa ba idan ba ka san ta ba. A 1955 aka mayar da sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga Ibadan zuwa Zariya, kuma a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Abin da suka tsaya a kai shi ne ɗan Nijeriya ya karɓi dabarun da Turawa suke koyarwa, amma ya ɗebo siffofi da ma'ana daga gidansu. Jimo Akolo, wanda ya yi zamani da su, ya ɗauki zanen bangon gidajen Hausa ya shigar cikin aikinsa. Daga baya aka yi Gani Odutokun, wanda yakan tsinka fenti ya zuba a kan ƙyalle ya bar shi ya gangara, sannan ya bi sawun abin da ya fito ya gina hoto a kai. Ya rasu a haɗarin mota a 1995 yana cikin ganiyar aikinsa. Farfesa Jerry Buhari, wanda ya daɗe yana zane a kan gurɓatar ƙasa da muhalli, daga wannan gida ya fito. Akasarin waɗanda suka koyar da mu zane a wannan yanki ko dai a can suka yi karatu, ko kuwa ɗaliban waɗanda suka yi karatu a can ne. Baje kolin ɗaliban Zariya ya cancanci kuɗin motarka.

Game da yadda za ka auna aiki, bari in ba ka misali da abin da ka sani. Da wuya ka shiga ɗakin zane a Arewa ba ka ga hoton hawan salla ba, kuma kai Bakatsine ne, ka sha tsayawa a Ƙofar Soro kana kallon dawaki. To ka dubi ƙafafun dokin da ke cikin hoton, ka ga ko suna ɗauke da nauyinsa da na mahayin, ko kuwa an jera su ne kawai a ƙarƙashin ciki. Ka dubi yadda linzami ya ja bakin, da yadda mahayi ya zauna a sirdi ya taka likkafa, da yadda ƙura ta disashe launin waɗanda suke baya. Wanda ya kwafo daga hoton waya yakan ƙawata rawani da alkyabba da jalala, ya bar dokin a sandare. Wanda ya tsaya ya kalla da idonsa, ko da layi kaɗan ya ja, za ka ji motsi. Idan ka saba da irin wannan duba a kan abin da ka sani, sannu a hankali za ka iya yin sa a kan zanen da ba siffar komai a cikinsa sai launi da layi.

Ɗan Daurama ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma ina ganin idan muka tsaya a makarantun boko za mu bar rabin masu zanen ƙasar nan a waje. A Daura da Katsina akwai mutanen da suke rayuwa da alƙalami da launi, suna da masu saye, suna gasa da juna, ana kuma sanin hannun kowannensu, sai dai ba a kiran su zuwa nuni. Ina nufin masu zayyana da marubuta Alƙur'ani.

Akwai wani alaramma a unguwarmu da ake kawo wa allunan sauka daga ƙauyuka. Yakan zauna a zaure a kan buzu da hantsi, ya ɗora allon a cinya, ya fara fitar da murabba'i da rula da kamfas, ya raba shi gida-gida, sannan ya fere alƙaluma masu kauri daban-daban, kowane launi da nasa. Baƙar tawadar shi yake haɗa ta da ƙaro, ja da ruwan ɗorawa da kore kuwa yanzu na kwalba yake saye a kasuwa, kuma ya ce koren kwalba ya fi na da haske amma ya fi saurin kodewa idan allon ya sha rana. Yakan bar fili a tsakiya inda Fatiha da farkon Baƙara za su zauna, ya kewaye su da saƙar layuka da suke shiga ƙarƙashin juna suna fitowa ba tare da ɗaya ya yanke ba. Na ga wani allo da ya yi a bara wanda ya karya tsarin da ya saba, ya sa da'ira a inda ake sa murabba'i, ya rage launuka zuwa biyu. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce ya gaji da maimaita kansa, kuma mahaifin yaron ya ba shi dama ya yi yadda ya ga ya dace. Idan wannan ba shi ne mai zane na zamani yana neman sabuwar hanya ba, to a gaya mini abin da ya rage masa.

Haka abin yake a rubutun mus'hafi na hannu, inda ake sa wasulla da ja, hamza da ruwan ɗorawa, a ƙawata alamomin hizifi da sumuni da sajada, kowane marubuci da irin adonsa. Sharif Bala Gabari na Kano ya yi suna har ana gane hannunsa daga nesa. A Sudan, Ibrahim El-Salahi daga harafin Larabci da allon makarantar mahaifinsa ya gina zanen da aka nuna a manyan gidajen nuni na Ingila. Mu muna da wannan taska a zaurukanmu. A ƙara da masu zanen bayan manyan motoci, da masu rubuta allunan shaguna waɗanda injin buga bana yake neman kashe musu kasuwa, da maginan da har yanzu suke iya fitar da dagi a fuskar soro. Shawarata ga ɗan'uwa mai tambaya ita ce ya zo Daura lokacin Sallar Gani ko hawan Magajiya, ya bar kallon taron na ɗan lokaci, ya tambayi wanda ya ɗinka kayan dokin da wanda ya yi aikin rigar, ya bi su har runfunansu.

'Yar Rafindadi ta amsa:

Ina gaida Baba Malam, ina gaida yayana na Daura. Ni mai zane ce, a cikin gida nake aiki, kuma ina so in faɗi yadda abin yake daga ɓangaren wanda yake riƙe da burushi. Maganar zayyana gaskiya ce, ni kaina daga allon saukar yayyena na fara sha'awar launi. Tsorona ɗaya ne: duk lokacin da aka tayar da maganar rashin zauren nuni, sai a ce ai muna da namu na gargajiya, daga nan a rufe zancen, a bar mai zayyana a zaurensa ba a rubuta sunansa ba, a bar mu kuma da hotuna jingine a bayan ƙofa. Mu da shi matsalarmu ɗaya ce, wato rashin wanda zai tara aiki wuri guda, ya rubuta sunan mai shi da shekarar da aka yi, ya kira jama'a su gani.

Ladi Kwali, wadda hotonta yake a bayan naira 20, tukwanen Gwari ta gada kamar sauran matan garinsu. Abin da ya fitar da ita, bayan gwanintarta, shi ne ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, aka riƙa buga hatimin sunanta a gindin tukunya, aka kuma kai aikinta nuni har Landan. Mata nawa ne a Katsina suke ɗinkin hula da zanen gado da ƙunshi da gwaninta irin wadda za a tsaya a kalla, amma aikin ya bar hannunsu ba tare da suna ba? A yau ma akwai waɗanda ya kamata mai tambaya ya bi, kamar Kaltume Gana ta Kano, mai zanen rayuwar matan Hausa da Barebari, da Fati Abubakar, wadda ta ɗauki hotunan rayuwar yau da kullum a Borno a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai labarin tashin hankali.

Abin da yake ciyar da mu a nan shi ne aikin da aka ba mu kwangila: hoton wani babba da za a ba shi kyauta ranar naɗi ko ritaya, hoton ango da amarya da gawayi, da rubutun Ayatul Kursiyyu mai ado da ake ratayawa a falo. Fenti mai kyau da ƙyallen zane sai an aiko mana daga Kano ko Zariya, kuma farashinsu yana bin dala. Saboda haka aikin da mai zane ya yi don kansa, wanda a cikinsa ne tunaninsa yake, ba shi ne yake sa wa a gaba a shafinsa ba, sai ka tambaya za a ɗauko maka. Akwai kuma maganar surar abu mai rai, wadda malamai suka yi bayani a kanta, kuma kowane mai zane Musulmi a garin nan ya zauna da ita ya yi wa kansa hisabi. Wasu sun bar zanen fuska gaba ɗaya sun koma ga harafi da gine-gine da shimfiɗar ƙasa, wasu suna zana mutum daga baya ko su bar fuskar ba ido ba baki. Idan ka ga haka a hoto kada ka ɗauka gazawa ce, sau da yawa zaɓi ne da aka yi da sani, kuma daga wannan iyaka ne wasu ayyuka mafi ƙarfi da na gani suka fito.

Dalilin da ya sa wasunmu suke ɗari-ɗari da kiran nuni shi ne abin da muka gani. An taɓa karɓar ayyukana a wani ofis domin ƙawata zauren taro, ba takardar karɓa, ba a sa sunana a jikin ko ɗaya ba, aka dawo mini da su a bayan a-kori-kura, ɗaya ƙusa ta huda shi ta tsakiya, ba wanda ya ce mini ko sannu. Don haka idan ka zo wurin mai zane, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, idan ka sa a Facebook ka rubuta sunansa, idan kuma kana da hali ka sayi ko da ƙaramin aiki ne a kan takarda.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar ƙanwata ta Rafindadi ta sa na ga cewa mai kallo ma yana da aikin da ya hau kansa. Ina da niyyar in riƙa rubuta ɗan bayani da Hausa a kan duk wanda na ziyarta, na makaranta da na zaure, idan ya amince. Baba Malam, me ya kamata in rubuta domin bayanin ya amfani wanda zai zo nema nan gaba? Kuma waɗanne taruka ne na waje suka cancanci in riƙa sa ido a kansu, ko da daga waya ne, domin in san inda namu suka tsaya a cikin sauran?

Tsohon Malamin Zane ya sake amsawa:

Madalla, ɗana. A kan kowane aiki ka rubuta sunan mai shi kamar yadda yake so a kira shi, da sunan aikin idan yana da shi, da shekara, da abin da aka yi shi da shi, ko fentin mai ne a kan ƙyalle, ko gawayi a kan takarda, ko tawada a kan allo, sannan tsawo da faɗi da santimita. Ka ɗauki hoton a inuwa da hasken rana, kana tsaye daidai gabansa, ba da fitilar waya ba, domin tana ƙona launi. Ka tambaye shi wanda ya koya masa, domin ta haka ne za a iya bin salsalar hannu daga malami zuwa ɗalibi, a wurin mai zayyana da mai fenti baki ɗaya. Abin da ya gaya maka da bakinsa ka rubuta shi dabam, ra'ayinka kuma dabam, kuma kada ka ji nauyin cewa wani aiki bai kai wani ba, matuƙar ka kawo dalili daga jikin aikin. Yabon da ba ya bambancewa ba ya ƙara wa mai zane komai. Farashi kuwa kada ka buga shi sai da yardarsa.

A waje, ka sa ido a kan ART X Lagos, kasuwar zane da Tokini Peterside ta fara a 2016, wadda ake yi a watan Nuwamba, domin a can za ka ga abin da masu saye suke bi. Akwai gasar LIMCAF ta Inugu, wadda aka fara a 2007 domin matasa, ana tace ayyuka daga shiyyoyi kafin babban nunin ƙarshe a watan Oktoba, kuma ya kamata 'yata ta Rafindadi da ire-irenta su riƙa aika aiki can. Bruce Onobrakpeya yana tara masu zane a sansaninsa na Agbarha-Otor a jihar Delta tun 1998, inda ƙwararre da mai koyo suke aiki a rumfa ɗaya. Kusa da gida, bikin littattafai da fasaha na Hausa, HIBAF, da aka fara a Kaduna a 2021, ya fi dacewa da irin rubutun da kake son yi, tun da da harshenmu ake tattaunawa. A Abuja akwai gidan nunin Thought Pyramid da reshen gidan nunin mai zane Nike Davies-Okundaye, kuma idan kana son ganin na Afirka gaba ɗaya, Dakar tana yin babban nuninta duk bayan shekara biyu.

Idan rubutunka ya kai mutum goma ko sha biyu, kana da abin da za ka ɗauka ka kai wa masu kula da gidan tarihi ko wata makaranta mai babban ɗaki, ka nemi aron bango na mako guda bayan Babbar Salla, lokacin da 'yan gari mazauna Abuja da Kaduna suke gida da kuɗi a hannu. A rataya allon alaramma na Daura kusa da aikin ɗaliban kwaleji, kowanne da takardar sunansa a gefe, a kuma rubuta yarjejeniyar karɓa da mayarwa kafin a ɗauki ko da aiki ɗaya daga hannun mai shi. Ina da tsofaffin ɗalibai a Dutsin-ma da Funtuwa da Malumfashi da har yanzu suke zane, zan tambaye su, wanda ya amince sai in haɗa ku.